Lamba ɗaya ba ta isa faɗin lotsawar gada ba

Shugaban taro, 'yan'uwana injiniyoyi: Ba zan tsaya bayanin yadda kankare ke rarrafe a ƙarƙashin nauyi ba, ko yadda yake motsewa in ya bushe. Kowa a ɗakin nan ya ci jarrabawa a kai.

Rigimata da wasunku ta daɗe. Mutum ya kawo zanen gadar jirgin ƙasa, ya rubuta cewa bayan shekara 50 za ta lotsa milimita kaza, lamba ɗaya tal, ya buga hatimi. Ni kuwa na ce wannan duba ne. Ƙa'idar Eurocode 2 da muke jingina da ita, da bakinta ta amsa cewa hasashenta na rarrafe yana iya kaucewa da wajen kashi 20 cikin 100, kuma a gwajin ɗakin bincike ke nan, inda ba rana ba iska.

Mu je Palau, can cikin tekun Fasifik. A 1977 aka gama gadar Koror zuwa Babeldaob, tazarar tsakiyarta mita 241, babu kamarta a irin gininta a lokacin. Bayan shekara 18 tsakiyar ta sauka da mita 1.61, fiye da ninki biyu na abin da aka lissafa. Wayoyin ƙarfen da aka ɗame ta da su sun saki kusan rabin ƙarfinsu, alhali kashi 22 aka yi zato. Aka shiga gyara, aka ƙara ɗame ta, sai ta rufta a watan Satumban 1996, mutum biyu suka rasu. Takardun binciken suka zauna a kulle saboda shari'a har 2008, sannan Farfesa Zdeněk Bažant na Jami'ar Northwestern a Amurka da ɗalibansa suka same su. Suka bi diddigin wasu gadoji kusan 70 a ƙasashe dabam-dabam, suka tarar da ciwo iri ɗaya: rarrafen yana rage gudu, amma ba ya tsayawa. Ƙa'idojin zamanin kuwa sun ɗauka yana da iyaka, domin yawancin gwaje-gwajen da aka gina su a kai ba su wuce shekara shida ba. Da gwajin shekara shida ake yanke wa gadar shekara ɗari hukunci!

Na san za a ce ai gadar mota ce. Haka ne, kuma shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro. Mota tana haƙuri da kwari a kan hanya, dogo ba ya yi. Wani abokina kullum cewa yake layukanmu na tsakuwa ne, in gada ta lotsa sai a ƙara tsakuwa a daidaita. Tsakuwar ba nauyi ba ce? Ka ƙara mata kaya, ta ƙara lotsawa.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Lissafin Eurocode na wurin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 40 da 100 ne. Wanda ya yi hunturu a Kano ko Katsina ya san danshi yana faɗuwa ƙasa da haka nesa, wata da watanni, kuma kankaren da ke bushewa ya fi saurin rarrafe. Ta nan layin Kano zuwa Maraɗi ke bi.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A ɗauki ƙarfin kankare, danshi, ranar ɗora nauyi da kuskuren lissafin kansa a matsayin abubuwan da ke sauyawa, kwamfuta ta jujjuya su sau dubbai ta hanyar Monte Karlo, mai zane ya ba mu iyakar da yake da tabbacin kashi 95 gadar ba za ta wuce ba. Daga nan a riƙa auna gadar duk shekara, a shigar da awon ta hanyar Bayes, hasashen ya ƙara matsewa. Na'urar awon tsayi da littafin rubutu sun isa a fara.

Layin Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016. Ina roƙon masu riƙe da takardun awon gadojinsa su buɗe wa jami'o'inmu su, kuma duk kwangilar gada da za a sa wa hannu nan gaba a rubuta awon shekara-shekara a cikinta.