Ina Barewa Ta Shiga?

Hirarmu ta yau kan farautar barewa ce.

A da, in an gama girbi, sai a yi buɗin daji. Sarkin baka ya yi gayya, mahalba su fito da kwari da baka da karnuka. Daji na da faɗi, ba mai hana wani shiga. In an dawo, a raba nama, har maƙwabta su samu.

Yanzu abin ya sake. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17. Inda barewa ke kiwo da, yau gonar hatsi ce, kuma kowace gona da mai ita. Farin 1973 da na 1984 sun kashe namun dawa da yawa. Masu bindiga kuma su kan bi barewa da mota har ta faɗi. Samari sun tafi biɗa, tsofaffin mahalba sun rasa magada.

Don haka gwamnati ta yi doka ran 29 ga Afrilu 1998: ba a farauta sai da takardar izini. Gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, an keɓe shi tun 1955. Akwai sauran barewa can, kuma an hana halbinta.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa mahalban garinku wannan takarda. Kada a sa wa daji wuta. In kun ga mota na korar barewa, ku gaya wa ma'aikatan gandun daji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.