Wa Ya Auna Kwandon Tumatir?



Yau maganarmu a kan tumatir take, da abin da ba mu aunawa a kansa.

Mu bi kwando ɗaya daga Kadawa ta jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Manomi ya san kuɗin kwandonsa. Direba ya san kuɗin mota. Dillali kuwa, ai ba ya mance la'adarsa ko cikin barci.

Amma wa ya auna ruwan madatsar Tiga da kwandon nan ya sha kafin ya nuna? Wa ya auna takin da aka zuba? Wa ya auna man da babbar mota ta ƙona a tafiyar kusan kilomita 1,000?

Wannan shi ne lissafin da masana muhalli ke yi, tun daga gona har tukunya. A nawa ganin, babban gibin yana kan hanya. Ana jibga kwando bisa kwando, na ƙasa ya dame, a zubar a juji. Duk wanda ya ruɓe, ruwansa da takinsa da mansa sun tafi a banza.

To, shugabannin 'yan gwari, ku fara da mai sauƙi. Ku rubuta kwando nawa aka loda, nawa ya isa lafiya. Ku gwada akwatin roba, ku sake ƙirgawa.