Masu Ƙidayar Gizo-Gizo a Gonakin Afirka ta Kudu

Jawabin wannan wata a kan gizo-gizo ne. Ba Gizo mijin Ƙoƙi na tatsuniya ba, a'a, gizo-gizon nan mai ƙafa takwas da ke saƙa a kan rumbu da cikin gona.

A shekarar 1997, masana a ƙasar Afirka ta Kudu suka fara wani babban aiki. Sun ɗauki niyyar sanin ire-iren gizo-gizon da ke ƙasarsu. Wata mace masaniya mai suna Ansie Dippenaar-Schoeman ce ta jagoranci aikin. Sun shiga dazuzzuka da ƙauyukan da ba a taɓa bincikawa ba. Sun shiga gonakin auduga da lambunan lemo.

Aikin yana bukatar haƙuri ƙwarai. Sukan haƙa ɗan rami, su binne gwangwani, bakinsa daidai da ƙasa. Gizo-gizon da ke yawo a ƙasa sai ya faɗa ciki. Sukan shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin bishiya, su bugi reshe da sanda, abin da ya faɗo su tsince. A cikin ciyawa kuwa da raga suke kamawa. Da dare sai su fita da tocila, domin akwai wani iri da idanunsa ke walƙiya idan haske ya taɓa su. Duk wanda suka kama sai su sa shi a kwalba, su rubuta rana da wurin da aka same shi. Wannan rubutun shi ne ƙashin bayan aikin. Kwalbar da ba ta da rubutu ba ta da wani amfani.

Da aka haɗa lissafi, an sami iri fiye da 2,000 a ƙasar. Fiye da rabinsu ba a samun su a wata ƙasa sai can. A duniya baki ɗaya, a shekarar 2022 adadin ire-iren da aka raɗa wa suna ya kai 50,000, kuma har gobe ana gano sababbi.

To, ina ruwan manomi da wannan ƙidaya? Ruwansa babba ne. Gizo-gizo ba ya cin hatsi, ba ya ɓata auduga. Abincinsa ƙwari ne, har da masu lalata amfanin gona. A shekarar 2017 wasu masana biyu sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cinye ƙwari da makamantansu tan miliyan 400 zuwa 800 kowace shekara. Wato ɗan ƙwadago ne da ba ya karɓar ko kwabo. A yammacin Kenya ma, a bakin tafkin Biktoriya, akwai wani ƙarami mai tsalle da aka raɗa wa suna a 2003. Ya fi son cin sauron da ya sha jini ya ƙoshi.

Ga inda matsalar take. Maganin feshi mai ƙarfi ba ya bambance mugu da nagari. Idan manomi ya yi feshi barkatai, sai ya kashe gizo-gizo tare da ƙwarin. Ƙwari kuwa sun fi saurin hayayyafa, sai su dawo su tarar ba mai tsare gonar. Manomi ya sake sayen magani, kuɗinsa su sake tafiya. Saboda haka kafin feshi, a duba gona sosai, a nemi shawarar malamin gona.

Gaskiya ne akwai masu dafi, amma kaɗan ne daga cikinsu ke cutar da mutum. Duk da haka kada yara su kama su da hannu.

Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci zai iya gwada wannan aiki a gonarsa. Ya binne gwangwanin madara da yamma, ya duba da safe. Ya ƙirga ƙafafu: shida ƙwaro ne, takwas kuma a jiki mai gaɓa biyu, gizo-gizo ne. Ya rubuta rana da adadi a littafinsa, ya sake su, sannan ya kawo littafin aji a karanta tare.