Tsakanin Agadas da Dirku

Tsakanin birnin Agadas da garin Dirku na ƙasar Kawar, a arewacin Nijar, akwai tazarar da ta haura kilomita 550 ta sama, wadda ƙaramin jirgi kan cinye cikin misalin sa'a 2, alhali kuwa ayarin raƙuma mai zuwa ɗaukar kantun gishiri a Bilma yakan yi mako 2 ko fiye yana keta rairayin Tenere, guzurinsa gero, ruwansa a salka, ba inuwa sai an isa Fachi. Fatake suna da haƙurin wannan wahala, amma majinyaci da mace mai naƙuda ba su da shi. Saboda haka muna roƙon mahukunta, don Allah, su tsayar wa talakawan Kawar jirgi na mako-mako.