Dalmar da Muke Shaƙa Ba Mu Sani Ba

Yau maganar dalma za mu yi, wadda ke yawo a iska tana shiga huhunmu.

Ƙurar dalma ba ta da wari. In yaro ya shaƙe ta ko ya haɗiye ta, sai ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta a jini illa ce. 'Yar kaɗan ma tana dusashe basirar yaro.

Tun shekarun 1920 ake zuba ta a fetur don inji ya daina ƙwanƙwasa, kowace salansa kuwa feso ta take yi a titi. Me ya tsayar da wannan? Doka. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Amurka kuma ta ƙayyade yawan dalma a iska: maikrogiram 1.5 a kowace kubik mita a 1978, sai aka matse shi zuwa 0.15 a 2008. Kuma ana kafa na'urori kusa da masana'antu ana aunawa.

To mu fa? Ta fetur ta tafi, amma da sauran rina a kaba. Ku tuna Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa dutsen zinare a cikin gida, ashe cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ga kuma batir. Na mota da yawancin na sola da dalma ake yin su. In sun mutu, wasu a fili suke fasa su su narka, hayaƙin ya bi unguwa.

Muna da NESREA tun 2007, aikinta ke nan tabbatar da dokokin muhalli. Amma doka ba awo, takarda ce kawai. Don haka mu tambayi hukumomin muhalli na jihohinmu: wa ke auna iskar unguwanninmu, ina sakamakon? Kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan mataccen batir, tambaye shi ina zai kai shi. In a garinku ana niƙa dutse, ku dage a fitar da injin bayan gari.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mana yaranmu.