Rarrabuwar Dajin Ruma da Raunin Irin Itatuwa

Dajin da ake kira Rugu, wanda ya ratsa ƙasar Ruma a ƙananan hukumomin Batsari da Safana ya dangana da dazukan Zamfara, a da shimfiɗa ɗaya ne. Gonaki da saran itacen girki da ƙona gawayi sun yanyanka gefensa, farin 1973 da na 1984 suka ƙara masa rauni. A wurare da dama abin da ya rage kurmi ne nan, kurmi can, sai ɗaiɗaikun ɗorawa da kuka da kanya a tsakiyar gonaki. Asarar da ido ke gani ita ce ta yawan itace. Akwai wata a ƙarƙashinta, ta ƙwayoyin gado.

Itatuwa jinsi ɗaya ba su zama ɗaya ba. Wata ɗorawar ta fi jure fari, wata ta fi kalwa, wata kuma ƙwari ba su cika damunta ba. Wannan bambanci shi ne jarin jinsin idan yanayi ya juya, kuma yana ɗorewa ne muddin ƙurar fure tana tafiya daga wannan itace zuwa wancan. Kuka da ɗorawa jemagu ne galibi ke yi musu wannan aiki da dare, kaɗanya kuwa ƙudan zuma. Duk itatuwan ukun ba sa yin 'ya'ya sosai da ƙurar kansu. Idan tazara ta yi yawa, ko aka sare itatuwan da jemagu ke kwana, sai barbara ta koma tsakanin 'yan itatuwan da ke kusa, waɗanda sau da yawa uwarsu ɗaya. Makiyayi ya san sakamakon haka a garken da aka daɗe ba a shigo masa da baƙon bijimi ba. A itace alamunsa su ne iri marar ƙwari, ƙarancin tsiro, da dashe mai mutuwa a ranin farko.

Abin da ke ɓoye matsalar shi ne tsawon rai. Tsohuwar kuka tana ɗauke da gadon dajin da ta tsiro a cikinsa, don haka binciken da ya tsaya kan manyan itatuwa zai nuna lafiya lau. Sai an duba ƙanana ake gane gaskiya, kuma a gonaki da yawa ƙananan ne babu. Kalwa ana kwashe ta kaf don daddawa. Kuka ana zage mata ganye don miya har ta kasa fure. Maɗaci da madobiya ana sassare musu rassa da rani a ba dabbobi, abin da ya tsira kuma akuya na jiransa. Ƙidayar itatuwan da ke tsaye, wadda rahotanni suka fi so, ba ta faɗin komai game da wannan.

Ƙarshen wannan hanya an fi ganinsa a dangin itacen fayin, waɗanda ba sa fure, iska ce ke kai musu ƙura. Ƙasar Hausa ba ta da su na asali. Akwai wani a duwatsun Tassili a kudancin Aljeriya, wanda Buzaye ke kira tarut: ba su kai 250 ba a daji, a warwatse cikin kwazazzabai, wasu sun haura shekara 2,000, kuma da kyar ake samun sabon tsiro. A Ostareliya an gano itacen Wollemi a 1994, manyansa ƙasa da 100, kusan babu bambancin gado a tsakaninsu. Da cutar saiwa ta ɓulla a cikinsu a 2005, fargabar ita ce abin da ya kama ɗaya zai iya kama duka.

Itatuwan Ruma ba su kai nan ba, ko da yake madobiya ta shiga jerin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin jinsunan da ke cikin haɗari, a 2017 saboda fataucin katakonta zuwa Sin, maɗaci ya bi ta bayan taron yarjejeniyar na 2022. Rashin tsaro kuma ya sa shiga cikin dajin don bincike ya yi wuya, saboda haka aikin da zai yiwu yanzu yana gonaki ne.

Sassabin zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, yana da amfani a nan: manomi ya bar tohon kututture ya girma. Sai dai toho tsohon itacen ne ya dawo, yana adana gadon da ke akwai, ba ya kawo sabo. Darbejiya da turare da ake rabawa a kowace damina suna ba da inuwa, amma ba sa haɗa ɗorawa da 'yar'uwarta. Abin da ke haɗa su shi ne layin itatuwan gida a bakin rafi da iyakar gona da burtali.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gidan renon dashe, inda ake cika buhu daga itace ɗaya mai yawan 'ya'ya a raini dubban dashe 'yan uwa ɗaya. Ƙa'idar masana gandun daji ita ce a tara iri daga uwaye 25 zuwa 30 aƙalla, masu tazarar kimanin mita 100, a ɗebi daidai daga kowace, a rubuta ƙauyen da aka samo shi.