Rabi, Rubu'i, Sumuni

Jama'a, ku dubi allo: 2, 4, 8, 16. Kowace lamba ninkin wadda ta gabace ta ce. Wanda ya gane haka ya san 32 ke biye.

To, mu koma gona. Nan ƙasar Ɗambatta gonaki sun matsu. In mutum ya bar wa 'ya'ya maza biyu gona, kowa ya sami rabi, 1/2. In kowannensu ya bar biyu, rabon jika rubu'i ne, 1/4. Na tattaɓa-kunne kuwa sumuni, 1/8.

Ku lura, lambar ƙasa tana ninkuwa, gona tana raguwa. Ran rabo kada wani ya ruɗe ku, wai sumuni ya fi rubu'i don 8 ta fi 4.

Gobe kowa ya gaya mini abin da ke bin 1/8.